Mutumin Batagarawa

Unguwar Gobarau, Katsina
Yuni, 1975

Zuwa ga ƙanena Iro, a Landan.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya karatu, yaya zaman baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ruwa ya sauka, shuka ta yi kyau. Ma'u da yara suna gaishe ka. Ran Juma'a na je Batagarawa na duba Gwaggo Sabuwa, ƙafar nan ce dai ke damunta, ta ce a gaishe mata da auta. Kasuwa kuma sai hamdala, tun da aka ƙara wa ma'aikata albashi shadda ba ta kwana a kanti, masinjan ofis ma yanzu leshi yake tambaya.

To, Inno dai ta iso hannunka. Ka san tun da ta zame a bakin rijiya ta bugu a kai ciwon kan nan bai bar ta ba, ga mantuwa, sai ta yi ta neman carbi yana hannunta. Likitan Kano ya ce sai waje. Kawu Alhaji Almu kuwa, tun da kwangilar hanya ta buɗe mashi, Landan ta zame mashi kamar Jibiya, nan take ya ce a kai ta wurinka. Ban ƙi ba. Abin da ya tsaya mani a rai shi ne sai da aka gama shawara aka yanki tikiti, sannan aka aiko a gaya mani, ni da nake babba.

A filin jirgi ta bi kowa da addu'a, har direban Kawu ta sa wa albarka da sunansa. Ni ina tsaye riƙe da akwatinta. Da ta zo kaina sai ta dubi akwatin, ta ce, "A ce ma mutumin Batagarawa shi kula da gida." Ka ji fa. Na kai arba'in, ina da 'ya'ya har da mai shirin aure, amma har yau ni ne mutumin Batagarawa.

Kada ka ce ban san al'ada ba. Na sani sarai uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta duban fuskarsa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, shi ya sa ana yaye ni aka miƙa wa Gwaggo. Sanin bai taɓa hana ni jin haushi ba in na ji ta tana "Irona, Irona" kamar ta lashi zuma. Kai ka tashi a cinya, ni na tashi a bayan jakin Gwaggo. Yanzu ga shi ko jinyar ma kai aka zaɓa.

Ka rubuto mani duk abin da likitoci suka ce, kada ka tace mani. In ta tambaye ni, wannan ma ka rubuto.

Wassalam. Yayanka,
Rabe

*

Landan
Yuli, 1975

Zuwa ga Yaya Rabe.

Gaisuwa da girmamawa. Wasiƙarka ta iso, na ji daɗin jin kuna lafiya. A gaishe mani da Ma'u da yara, a yi wa Gwaggo sannu da ƙafa. Ni lafiya, sai dai gajiya, daga makaranta sai asibiti.

Inno tana cin abinci, amma sai ni na ba ta, abincin nasu ta ce ba gishiri ba yaji. Mutum biyu ke duba ta. Akwai babban likitan ƙwaƙwalwa, wani dattijo mai farin gashi, da wata matashiyar likita mai auna hankali. Ita ce ta yi mani bayani cewa a gaban ƙwaƙwalwa, wajen goshi, nan ne mutum ke karantar mutane, ya gane wane ya yi fushi, wane wasa yake, me ya dace a faɗa me bai dace ba. In wurin ya taɓu, wannan shi ke fara lalacewa. Don haka suka yi wa Inno jarrabawa, ni ne tafinta.

Yaya, da kana nan da ka yi dariya. An nuna mata hoton wani Bature yana murmushi, aka ce me yake ji a ransa? Ta ce, "Haƙora dai na gani. Mi ke cikinshi, Allah ya sani." Aka nuna wata mata tana kuka baki buɗe, ta ce, "Wannan ba a kwaɓe ta ba tana ƙarama." Sai aka ba ta labari: baƙo ya zo, an ce ga abinci, ya ce ya ƙoshi, me mai gida zai yi? Ta ce, "A kawo mashi mana, yunwa shi ke ji. Wa ke cewa shina jin yunwa gidan mutane?" Likitar ta ja layi a takardarta, wai amsar ita ce a ƙyale shi. Ta kuma rubuta cewa Inno ba ta haɗa ido da mai yi mata magana, wai alama ce. Na ce mata a wurinmu ladabi ne, ta ce to, amma ba ta goge ba.

Daga ƙarshe ta nemi hoton iyali, na ba ta wanda muka ɗauka da Babbar Sallah kafin in taho. Inno ta bi kowa da yatsa tana faɗin suna, har jikoki. Ta tsallake ka. Likitar ta ɗora yatsa a kan fuskarka ta ce wannan fa? Inno ta juya ta dubi bango. An maimaita, ba ta juyo ba. Aka rubuta ba ta gane fuskar babban ɗanta.

Na yi ƙoƙarin yi masu bayanin kunyar ɗan fari, matashiyar ta saurara kamar ina ba ta tatsuniya. Dattijon ne ya yi ta tambayata, har ya rubuta a ɗan littafinsa. Amma ya tambaye ni abin da na kasa amsawa. Ya ce, in mai lafiya tana kau da kai, mai mantuwa ma tana kau da kai, ta yaya za a bambance? Gaskiya wa ya sani, Yaya, ko kunya ce ko mantuwa?

Ka ce in rubuto in ta tambaye ka. Ba ta tambaya ba tukuna.

Ƙanenka,
Iro

*

Unguwar Gobarau, Katsina
Agusta, 1975

Iro,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, ƙaramin ne ya yi zazzaɓi ya warke. Gwaggo ta gode da sannu.

Na karanta takardarka a kanti, na ninke, na sake buɗewa. "Wa ya sani." Lalle karatu ya yi rana. Ka ƙetare teku don ka rubuto wa yayanka cewa wataƙila uwarsa ta manta da shi, ka kuma haɗa mani da labarin ba ta cin abinci sai daga hannunka. Na gode. In ba ka faɗa ba ai da ban san kai ne shalele ba.

Likitocin naku kuwa, na ga sun yarda da karin maganar nan ta labarin zuciya a tambayi fuska. To ba su san Inno ba. Matar da aka zo aka gaya mata rasuwar Baba tana tankaɗe, ta ce innalillahi, ta gama tankaɗenta ta rufe ƙwarya sannan ta shiga ɗaki? Ita za a nuna wa haƙoran Bature a ce ta faɗi abin da ke ransa? Maganar baƙo kuma ta fi su gaskiya. Ka gaya wa yarinyar in ta zo Katsina ta ce ta ƙoshi, za mu ƙyale ta, ta ga yadda ake kwana da yunwa.

Amma bari in gaya maka abin da ya sa maganarka ta soke ni, don kai ba a haife ka ba lokacin. Ina ɗan yaro na faɗo daga kan tsamiya a Batagarawa, ƙafa ta karye, na yi wata da watanni a kwance. Baba ya zo a kan keke. Kawu ya zo. Maƙwabtanmu na Gobarau ma sun zo. Inno ba ta zo ba, tsakaninmu kuwa tafiyar da mai tallar nono ke yi da safe ta komo kafin azahar. Wata Bafulatana ce ma ta ji tausayina, kullum sai ta ajiye wa Gwaggo 'yar ƙwaryar fura ta ce a ba mai karaya. Bare ta tuna da ni, uwa ba ta leƙo ba. Kai kuwa ranar da ƙyanda ta kama ka, ina saurayi, na ga Inno ta goya ka tana zagaya tsakar gida tana hawaye a gaban kowa.

Saboda haka tambayar da dattijon likitanka ya yi, ni tun ina yaro nake yin ta, ba sai da jirgi ya kai ni Landan ba. Mutane suna cewa kunya ce, ciki cike yake da ƙauna. Ni dai bayan ƙwarya na gani, ban taɓa ganin cikinta ba. Ina kishinka, Iro, na faɗa maka a fili, ba yau na fara ba.

Ka ci gaba da ba ta abinci. In sun sake yin jarrabawa ka ce su tambaye ta wa ta fi so, nan za ta ci maki duka.

Rabe

*

Unguwar Gobarau, Katsina
Oktoba, 1975

Iro,

Gaisuwa. Fatan kuna lafiya, in ana samun lafiya a inda ba a rubutu.

An yi azumi, an yi Sallah, an yanke gero, ko layi ɗaya ban gani ba. Kullum sai na biya gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza mani kai tun daga nesa. Jiya kuma na ji a bakin matar Kawu cewa ka buga mashi waya Kaduna kun daɗe kuna magana. Ashe bakinka lafiya, ni ne ban kai a gaya wa ba.

In fushi ka yi da takardata, yi abinka, amma uwar ba taka ba ce kai kaɗai. Ko ta manta da ni, ni ban manta da ita ba.

Rabe

*

Landan
Nuwamba, 1975

Zuwa ga Yaya Rabe.

Gaisuwa da ban haƙuri. A gaishe da Ma'u da yara da Gwaggo. Wannan takarda na ba Malam Tanko na ofishin ilimi, ya gama kwas zai komo gida, don ta iso ka da sauri. Akwai kaset a cikin ambulan, muryar Inno ce da likitocin suka ɗauka. Ka karanta kafin ka saurara, kuma kada ka saurara a gaban mutane.

Ba fushi na yi ba. Na rasa yadda zan rubuta ne.

Tun bayan azumi Inno ta sauya. Yanzu tana duban kowa ido cikin ido. Tana ƙyaƙyata dariya har a ji ta a ɗaki na gaba. Ta yar da mayafi, tana cin abinci a gaban maza, ta ce wa wani ma'aikaci hancinsa kamar lauje. Da aka sake jarrabawar nan ta amsa yadda suke so, wannan fushi, wannan murna. Aka kawo hoton iyali, kafin a tambaye ta ta ɗora yatsa a fuskarka ta ce, "Rabe ne. Rabe nawa." Matashiyar likitar har tafi ta yi, ta ce an samu sauƙi.

Da dattijon ya zo aka gaya mashi, bai yi murna ba. Ya buɗe ɗan littafinsa, ya dube ni ya ce, a garinku mace mai cikakken hankali za ta yi haka? Na ce ko da wuƙa a wuya ba za ta yi ba. Nan take ya sa aka kai ta wata sabuwar na'ura mai ɗaukar hoton cikin kai. Jini ne ya taru tun faɗuwar nan, yana ta ƙaruwa yana danne wajen goshi. Ya ce ranar da ta juya ta dubi bango, ranar tana nan da hankalinta, su ne suka auna ta da mudun da ba nata ba.

Ga inda maganar take. In an yi aiki an zuƙe jinin, yana sa ran za ta komo yadda take, amma ga mai shekarunta akwai hatsari. In ba a yi ba, za a iya kawo ta gida haka, ta yi 'yan watanni tana dariya tana surutu, sannan abin ya ci ƙarfinta. Kawu ya ce shi ba zai yanke ba, kai ne babba, ba mai taɓa kanta sai da yardarka. Ka buga tangaraho.

Sauran magana tawa ce. Ka ce kana kishina. To, zo ka karɓi kujerar. Ni ke yi mata alwala, ni ke wanke mata ƙafa, na bar jarrabawata ta wuce, amma rabon da ta ce Iro har na manta. Rabe take kirana. Ta riƙe hannuna ta yi ta shafa kaina tana Rabe, Rabe. Rannan na ce, Inno, ni ne fa, Iro. Ta ce, "To, je ka kira mani Rabe." Na fita baranda na yi kuka kamar yaro. Ashe ni a baki nake, kai ne a ciki. Ban ji daɗi ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na ji ba.

Ƙanenka,
Iro

*

Unguwar Gobarau, Katsina
Nuwamba, 1975

Zuwa ga ƙanena Iro.

Bayan gaisuwa, sannu da jinya, sannu da ɗawainiya, Allah ya saka maka. Tangarahona ya riga wannan takarda, ka ga abin da na ce: a yi aikin. Amma ina so ka san ban buga shi a ranar da Malam Tanko ya zo ba.

Na ɗauki rikoda na sa a mota na kama hanyar Batagarawa, na tsaya a gindin wata kuka inda ba kowa, na ɗaga gilashi. Na san muryarta, na san sunana, amma ban taɓa jin su tare ba. Sai da na waiga, wallahi, kamar wani ake kira. Can cikin surutun sai na ji ta ce, "Rabe, ka sha hurar? Na ce ma Bahillatar ta riƙa sa nono mai kauri, ƙashi ba shi ɗinkewa da tsala."

Ban san yadda na kai gidan Gwaggo ba. Na tambaye ta maganar furar nan. Ta ce, "Au, sai yau ka sani? Wa ke ba Bahillata hura ta kai ƙauye don Allah? Uwarka ce ke damawa da hannunta, ta rantsar da ni." Da na gaya mata Inno tana kiran sunana a gaban Turawa, sai ta saki sandarta ta fashe da kuka, ta ce yarinyar nan ba ta cikin hayyacinta, a rufa mata asiri.

Ba zan ɓoye maka ba, zuciya ta raya mani in ce a kawo ta haka. In je filin jirgi ta hango ni ta ce Rabe a gaban Kawu, a gaban direbansa, a gabanka. In zaunar da ita a ɗakina in yi ta ji har in ƙoshi. Na kwana da wannan tunani na tashi da shi. Sai na sake sa kaset ɗin, na ji inda take wa ma'aikacin nan dariyar hanci. Wannan ba Inno ba ce. Inno da ta ga wannan matar, cewa za ta yi ba a kwaɓe ta ba tana ƙarama. Matar da ta dama fura ta ɓoye hannunta, ita nake so a maido mani, ko da ba za ta ƙara dubana ba.

Kai kuma share hawayenka. Wanda aka goya yana ƙyanda ba shi da bakin ƙorafi.

Yayanka,
Rabe

*

Landan
Disamba, 1975

Zuwa ga Yaya Rabe.

Gaisuwa da albishir. An yi aiki, Allah ya ba da sa'a. A gaya wa Gwaggo da Ma'u da kowa.

Da ta farfaɗo sosai, abin da ta fara cewa shi ne, "Iro, ina mayahina?" Na miƙa mata. Dattijon ya shigo, ta sunkuyar da kai ta gaishe shi tana duban zanen gado. Shi da kansa ya ɗauko hoton. Ta bi kowa da suna, ta zo kanka ta tsallake. Ya ɗora yatsa, ta juya ta dubi bango. Ya rufe littafinsa ya ce wa matashiyar ta rubuta an samu sauƙi.

Ba ta tuna komai na watannin nan. Ta tambaye ni ko ta yi wani abin kunya cikin ciwo, na ce ko kaɗan. Jiya ina haɗa kaya, ba ta dube ni ba, ta ce, "Mutumin Batagarawa hwa, an ji lahiyarshi?" Na ce yana lafiya. Ta ce to.

Za mu sauka Kano farkon wata mai zuwa. Dattijon ya roƙi a maido mashi kaset ɗin, wai yana so ya koyar da ɗalibansa yadda ake auna mutanen da ba Turawa ba. Ka zo da shi filin jirgi.

Ƙanenka,
Iro

*

Unguwar Gobarau, Katsina
Disamba, 1975

Iro,

Alhamdu lillahi. Gwaggo ta yi sadakar waina, Ma'u ta sa an yi wa ɗakin Inno sabon daɓe. Kowa yana gaishe ku.

Zan zo Kano in tarye ku. Zan tsaya a baya in karɓi akwati kamar yadda na saba. In ta sauko ta bi kowa da suna ta kau da kai daga gare ni, kada ka dube ni, kada ka yi murmushin nan naka, za ta gane. Abin da ya faru a asibiti ya tsaya tsakanina da kai da Gwaggo har kabari.

Ka gaishe da dattijon, ka ce na gode, mutumin kirki ne. Ya koyar da ɗalibansa da baki. Muryar Inno ba ta yawo a ajin Turawa ba mayafi.

Kai ma kada ka tambaye ni kaset ɗin, ko aro. Tun da aka haife ka ake kiran sunanka safe da yamma, gobe ma za a kira. Ni wannan kaɗai gare ni.

Yayanka,
Mutumin Batagarawa